Yadda nake kare kwamfutar da na haɗa daga danshin damina a Sakkwato

9 ga Yuni

Jama'a da yawa in ka ce masu danshi na iya kashe kwamfuta a Sakkwato dariya za su yi maka, wai garin da watan Afrilu zafi ke wuce digiri 40, ina danshi ya ga wurin zama. Gaskiya ne ruwanmu bai da yawa, a shekara wajen milimita 600 zuwa 700 ne, amma matsalar ita ce kusan duka yana sauka ne cikin ɗan lokaci, Yuli da Agusta su ne kan gaba, to a watannin nan iskar gari jiƙe take sharkaf ko da ba a ruwa. Ga kuma ƙurar hunturu da ta riga ta kwanta cikin na'ura tun Disamba tana jiran ruwa.

Kwamfutar da nake magana ni na haɗa ta da hannuna, furosesarta, wato ƙwaƙwalwarta, Ryzen 5 ce, ram 16, wato ma'ajin da take riƙe aikin da take cikin yi, da girafik kad mai sarrafa hoto da bidiyo na hannu da na saya, akwatin mai gilashi a gefe ɗaya. Da ita nake editin bidiyon biki da zanen fosta da kalanda, ita ce abincina, in ta tsaya na tsaya. Ɗakin da nake aiki a Mabera yake, wanda ya san Mabera da damina ya san ruwa na kwanciya, kuma bangon ɗakin na gabas yana tsotso daga ƙasa har fenti ya kumbura. Akwai ƙaramin esi a ɗakin da nake kunnawa in akwai wuta.

Abin da ya tada min hankali, bara wani abokin sana'ata madabod ɗinsa, wato babban bod ɗin da duk kayan kwamfuta ke manne a kai, ya mutu ƙarshen Agusta, ba tsawa ba, ba wuta ce ta yi yawa ba, kurum wata safiya ya danna ta ƙi tashi. Da munka kai wurin mai gyara ya ɗora bod ɗin ƙarƙashin fitila sai ga wani kore-kore da fari-fari kamar gishiri ya bi ƙafafun ƙananan kayan da ke kusa da ramin ram. Bana ba ni son in ga irin wannan a tawa, don haka zan riƙa rubuta abin da na yi da abin da na gani har damina ta wuce.

16 ga Yuni

Yau shara. Na cire filogi daga bango, na danna maɓallin kunnawa na riƙe ɗan lokaci don sauran wutar ta zube, na fito da ita tsakar gida ƙarƙashin rumfa. Wallahi abin da ke ƙarƙashin fankar furosesa ba ƙura ba ne kurum, ya zama kamar auduga ja-ja, ya toshe tsakanin faifan alminiyom ɗin nan gaba ɗaya, bayan girafik kad kuma in ka shafa yatsa sai ya bar layi.

Dalilin da ya sa na fara da ƙura kafin komai shi ne ƙura busasshiya zafi kawai take kawowa, amma tana ɗauke da gishiri-gishiri iri-iri, kuma tana shan ruwa daga iska. Da zarar iska ta jiƙe sai wannan ƙurar ta zama laka mai ɗan ratsa wuta, ta haɗa layukan da bai kamata su haɗu ba, sannu a hankali tagullar bod ta fara ci, shi ne koren nan da munka gani. Wato ba sai ɗigon ruwa ya faɗa ciki ba, ƙurar Janairu da iskar Agusta sun isa.

Na yi amfani da bulowa da burushin fenti mai laushi sabo. Kowace fanka na riƙe ta da yatsa kafin in hura, don in ta yi ta juyawa da ƙarfin bulowa tana iya lalacewa. Pawa saplai, wato akwatin da ke raba ma kwamfuta wuta, daga waje kurum na hura ta, ban kwance ba kuma ba ni ba kowa shawarar ya kwance, manyan kafasitocin ciki na riƙe wuta mai haɗari ko bayan an cire filogi. Haƙoran ram na goge su da sifirit, amma a lura, irin isofurofil mai kashi 99 ake nema, wanda ake saidawa a kemis don wanke rauni akasari kashi 70 ne, sauran ruwa ne, ka ga kenan kai da kanka kake zuba ma bod abin da kake gudu.

24 ga Yuni

Ma'aunin danshi ya iso, ƙanana guda biyu masu batir, suna nuna zafi da kashin danshin iska. Da na aje su gefe da gefe sai kowane ya faɗi nasa, akwai ɗan bambanci, irin waɗannan masu arha haka suke. Akwai hanyar gwada su da gishirin miya, kuma hanya ce da masana awo sunka tabbatar: ka zuba gishiri cikin murfin kwalba, ka ɗiga ruwa kaɗan ya jiƙe amma kada ya narke ya zama ruwa, ka sa shi tare da ma'aunin cikin roba mai murfi da iska ba ta shiga, ka bari ya kwana. Iskar da ke cikin robar za ta tsaya kashi 75. Duk abin da ma'aunin ya nuna sama ko ƙasa da haka, kuskurensa kenan. Ɗaya ya nuna 74, ɗayan 79, na manna masa takarda na rubuta a cire 4. Na sa mai gaskiyar cikin akwatin kwamfuta ta yadda zan hango shi ta gilashi, ɗayan kan tebur.

5 ga Yuli

An yi ruwa mai kyau daren jiya, yau da safe ma'aunin tebur 78, zafi 29. Da rana ta buɗe ya sauko wajen 60.

Nan ne nake son mai karatu ya natsu don shi ne gindin maganar duka. Ka ɗauko ledar fiya wata daga firij ka aje, nan da nan jikinta ya yi zufa, ledar ba huda ta yi ba, ruwan da ke cikin iska ne ya taɓa abu mai sanyi ya koma ruwa. Kowace iska tana da iyakar sanyin da in abu ya kai shi, raɓa za ta kwanta masa. Akwai lissafi mai sauƙi da ke aiki in danshi ya haura kashi 50: ka cire kashin danshin daga 100, ka raba abin da ya rage gida 5, ka cire amsar daga zafin ɗaki. Misali zafi 29 danshi 80, 100 a cire 80 saura 20, a raba 5 ya ba da 4, 29 a cire 4 saura 25. To duk wani ƙarfe ko gilashi ko bod da sanyinsa ya kai 25 ko ƙasa, a wannan iskar zai yi zufa.

Yanzu duba yadda muke yi da esi a garin ga. In anka kawo wuta sai mu murɗa shi 16 ko 18 don mu rama zafin da munka sha, ɗaki ya yi sanyi ƙalau, kwamfuta in a kashe take ita ma ƙarfenta ya sha sanyi ya sauko 20 ko ƙasa. Sai a ɗauke wuta. Minti kaɗan ɗaki ya fara ɗumi ka buɗe ƙofa da taga don ka sha iska, iskar waje mai ɗumi mai ruwa ta afko ta tarar da ƙarfe mai sanyi. Shi kenan. Esi yana aiki ba shi da laifi, busar da iska ma yake yi, shi ya sa ruwa ke ɗiga ta bututunsa a waje. Haɗarin yana wurin tsayawarsa da buɗe ƙofa.

Kwamfutar da ke kunne kuwa ba ta cikin wannan haɗarin sosai, don ta fi iskar ɗaki zafi. Iskar da ke da danshi 80 a zafi 29, in ta shiga akwati ta ɗumama ta kai 39, danshinta na komawa wajen 46. Na gani da idona, kwamfuta na aikin fidda wani bidiyo da na gama haɗawa ma'aunin ciki ya sauko ƙasa da 50 alhali na tebur na sama da 70.

14 ga Yuli

Na ɗauke ta daga ƙasa. Kafinta ya yi min ɗan benci na katako mai tsawon kamar taku biyu, na matsar da ita daga bangon gabas ta koma bangon ciki, na bar taku ɗaya tsakaninta da bango, kuma ba saitin bakin esi ba, ba ƙarƙashin taga ba don feshi. Na hau na duba silin, akwai tabon yoyo a kusurwa ɗaya, mai kwano ya zo ya canza ƙusoshi ya liƙe. Wayoyi da ekstenshan su ma na rataye su, ba su kwana a siminti.

27 ga Yuli

Maganar silika jel, ƙananan ƙullin nan da ake samu cikin kwalin takalmi da magani. Ƙanena ya yi ta tara min su daga shagunan takalma a babbar kasuwa, ya kawo leda guda yana murna. Yayana da ya shigo ya gani ya ce, kai dai da wahalar da kai, ka zuba shinkafa cikin safa ka jefa ciki, ko gawayi, haka mutane ke yi ma waya in ta faɗa ruwa. Na ce Yaya ka yi haƙuri, shinkafa ba ta jan ruwa yadda ake faɗi, sai dai ta bar gari cikin na'ura ta kira tururuwa da ɓera, gawayi kuma ƙurarsa baƙar nan tana ratsa wuta, ba abin da za a kai kusa da bod ba ne. Ya ce to malamin kwamfuta, Allah shi taimaka.

Amma ita ma silikar sai an san iyakarta. Tana iya shan ruwa kamar kashi ɗaya bisa uku na nauyinta, daga nan ta ƙoshi. Iska mai zafin 30 in ta cika maƙil tana ɗauke da ruwa wajen giram 30 a kowace mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi, a danshi 80 kenan wajen giram 24. Ɗakina mita 4 ne da 4, tsayi 3, in ka lissafa ruwan da ke yawo a iskar ɗakin ya haura lita ɗaya, kuma kullum sabuwa na shigowa. Ƙullin giram 2 ko 5 mi zai yi? Akwatin kwamfuta kuwa duk ƙofofin iska ne, fanka na jawo sabuwa kowane daƙiƙa. Na gwada don in tabbatar, na zuba ƙulli da yawa a ƙasan akwatin, ma'aunin ciki ko gezau. Kuma waɗanda anka tsinto daga kwalin takalmi sun riga sun ƙoshi tun a shago.

Inda take aiki shi ne wurin da ke rufe ruf. Na samo babbar roba mai murfi mai danko a baki, na sayi silika rabin kilo irin mai canza launi, ruwan lemo ce in ta sha ruwa ta koma kore. Ciki na sa had disk ɗin da nake ajiyar ayyukan mutane, da ram na ko-ta-kwana, da lens ɗin kyamara don shi ma danshi na sa masa fumfuna a gilashi. Kwana ɗaya ma'auni a cikin robar ya sauko ƙasa da 40 ya zauna. Akwai mai launin shuɗi da ke komawa ruwan hoda, ita sinadarin kobal ne a ciki mai guba, gara a guje ta musamman gidan da ke da yara. Haka robobin shan danshin nan da ake sa ma sif ɗin kaya masu farin gishiri a sama, suna ja sosai amma abin da ke taruwa ƙasa ruwan gishiri ne mai cin ƙarfe, in ya kife kan bod an gama, ban yarda in kai shi kusa da kwamfuta ba.

11 ga Agusta

Malka ta kama, tun shekaranjiya ba a ga rana sosai ba, kayan da anka shanya sun ƙi bushewa, gishirin kicin ya dunƙule, ƙofar katako ta kumbura sai an dafa ta da kafaɗa. Ma'aunin tebur na kai 85 da asuba.

Daren jiya abin da nake ta lissafi a takarda ya faru a gabana. Na gama aiki na kashe kwamfuta, ƙanena ya kwana ɗakin da esi a kunne da sanyi sosai, cikin dare anka ɗauke wuta, da ya tashi sallar asuba ya bar ƙofa a buɗe don ɗakin ya fara turnuƙewa. Da na shigo bayan an fito masallaci na haska tocila, gilashin akwatin ya yi hazo fari, na ja yatsa ya bar hanya, ƙarfen bayan akwatin wurin da ake soka wayoyi yana da ɗan laima, har kan faifan da ke bayan girafik kad akwai ƙananan ɗigo kamar an fesa turare. Gabana ya faɗi sosai, don akwai bidiyon ɗaurin aure da na yi alkawarin miƙawa yau.

Ban taɓa maɓallin ba. Abu na farko na zare filogi daga yufiyes, wato na'urar batir da ke riƙe kwamfuta in anka ɗauke wuta, saboda ko kwamfuta na kashe, muddin filogi na jone akwai bolt 5 da ke zaune a kan bod yana jiran a danna, kuma ruwa da wuta in sunka haɗu kan tagulla nan ne ci ke sauri. Na cire ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, shi ma bolt 3 ne. Na buɗe gefe biyu, na zare ram da girafik kad na aje kan tawul busasshe, na saita fanka mai caji tana hura ciki. Ban sa abin busar da gashi ba, zafinsa na iya yin yawa a wuri ɗaya, kuma ba ni da tabbacin ya kori abin da ya shige ƙarƙashin cip. Na kira mai bidiyon na ce Alhaji a yi min haƙuri zuwa gobe, ga dalili, ya ce ba komai Allah ya kyauta. Sai bayan la'asar, da na duba ko'ina da tocila ba alamar laima, na goge haƙoran ram da sifirit na maida komai. Ta tashi lafiya lau, agogo kurum na sake saitawa a bayos, wato saitin madabod, saboda batirin da na cire. Alhamdu lillahi.

Abin da ya tsaya min a rai, da ƙurar nan da na share a Yuni tana nan, wannan laimar da ita za ta haɗu.

19 ga Agusta

Na kafa doka a ɗakin kuma na rubuta na manna a ƙofa. Esi ba ya sauka ƙasa da 26 har damina ta fita, don a lissafin da na yi ta yi makon nan iyakar raɓa na yawo tsakanin 23 da 25. In rimot na da alamar ɗigon ruwa, wannan saitin busarwa ne, shi nake sawa, ɗaki na yin daɗi ba tare da ya yi sanyin firij ba, don rabin abin da ke damunmu da damina ba zafi ba ne, naniƙewar jiki ce. In anka ɗauke wuta ƙofa da taga su zauna a rufe kamar rabin awa zuwa awa ɗaya, kaya su ɗumama a hankali tukuna. Kuma kowace safiya kafin in danna sai na kalli gilashi na kalli ma'auni.

Na kuma lura gara a riƙa kunna ta kullum ta yi aiki ko na awa ɗaya ne da a rufe ta da zane a bar ta mako. Rufewa da leda ma ya fi muni in ba silika a ciki, don iskar da ka kulle tana nan da ruwanta, dare ya yi sanyi ta sauke shi ciki. Ranar da ba wuta ina tada ta da inbata ta ɗan yi zafi.

2 ga Satumba

Na je wurin mai gyaran nan da ya duba bod ɗin abokina, dattijo ne ya daɗe a harkar tun zamanin rediyo da talabijin. Na tambaye shi batun wani ruwa kamar banish da ake fesa ma bod ya yi masa riga, irin wanda ake sa ma na'urorin mota da na jirgin ruwa. Na ce Baba, in saya in fesa? Ya ce ɗana, abin na aiki, amma sai ka rufe ramin furosesa da na ram da na kad da duk wata kafar waya kafin ka fesa, in ya shiga ɗaya daga ciki ka toshe hanyar wuta da hannunka, kuma gobe in wani abu ya ƙone sai an kankare kafin a yi soda. Ya ce na'urar da ke zaune waje ko gidan gona ita ka bukatar wannan, taka da ke ɗaki, ka share ta ka hana ta sanyi ya wadatar. Na yarda da shi, na fasa.

Ya duba min bod ɗin da gilashin ƙara girma. Ba kore ko'ina. Sukurori biyu na bayan akwati sun fara tsatsa, sai kafar USB ɗaya ta gaba da ta yi ɗan duhu, ya goge ta, sukurorin na canza.

21 ga Satumba

Ruwa ya fara ja baya. Silikar roba ta koma kore, na juye a faranti na sa a oben a zafi 120 kamar awa biyu, launin lemo ya dawo, na bari ta huce cikin kwalba a rufe kafin in maida. Shanyawa a rana na ɗan taimakawa amma yanzu da iska ke da ruwa ba ta fidda shi duka, sai dai ko da bazara.

13 ga Oktoba

Da rana ma'aunin tebur na sauka ƙasa da 45 yanzu, bangon gabas ya fara bushewa, na sassauta dokar esi. Kwamfuta ba ta yi ko tari ba tun abin da ya faru a Agusta.

Aikin da ke gabana na hunturu ne, don ƙurar da za ta shiga daga Nuwamba zuwa Fabrairu ita ce za ta sha ruwan baɗi. Na sayo raga mai laushi zan yanka in sa a gaban akwati da ƙasa wurin pawa saplai, kuma zan juya fanka ɗaya ta sama ta yadda masu jawo iska ciki za su fi masu fitarwa yawa, in iska ta fi yawa a ciki ta kan fita ta ƙananan ramuka maimakon ƙura ta shigo ta nan. Ragar za a riƙa wanke ta duk mako. Sannan da hunturu danshi na faɗuwa ƙasa da kashi 20, lokacin da in ka taɓa ƙofar mota take ɗan jan ka, wannan tartsatsin na iya kashe ram ko furosesa, don haka babbar shara ta gaba ba zan yi ta tsakiyar Janairu ba sai da abin ɗaurawa a hannu mai waya zuwa ƙarfen akwati, na riga na ba da saƙo a kawo min daga Kano. Mai gini kuma ya ce bangon gabas sai ya gama bushewa a Disamba kafin a kankare a sake filasta da simintin da anka haɗa da maganin hana ruwa, mun yi da shi zai zo ya auna ya faɗi kuɗin.